Fitilar da Ba a Karatu da Ita

Akwai wata tambaya da ta biyo ni tun daga Kazablanka har gida, kuma har yau ta ƙi sakina. Na ce bari in sauke ta a nan, ko wani cikinku zai taya ni ɗauka. Ga ta: abin da aka hana a amfana da shi, aka ce ido kawai za a zuba masa, ya cancanci talaka ya kashe masa kuɗi? A ɗakin wani tsohon tela na tsince ta, wani daren Disamba mai sanyin da ke shiga ƙashi.

Shekarar da na samu burs na tafi Maroko karatu, ɗakin da na kama yana hawa na uku a wani tsohon bene. Ƙofa da ƙofa da ni akwai wani dattijo da matarsa, Yahudawa ne. Ƴaƴansu duk sun watse, wasu suna Faransa, ɗaya tana Kanada. Wannan ba baƙon labari ba ne a can. A ƙarshen shekarun 1940 Yahudawan Maroko sun kai wajen dubu 250, yau kuwa ƴan dubbai kaɗan suka rage, galibinsu a Kazablanka. Dattijon ido ya fara gajiya, amma hannu bai manta allura ba. Ya taɓa rage mini wata kwat da na saya a gwanjo, na yi na yi ya karɓi kuɗi ya ƙi. Tun daga ranar nake ce masa Baba, shi kuma ya ce mini ɗana. Faransanci muke yi, muna yayyafa masa ɗan Larabcin Maroko da na tsinta a kasuwa.

Ran nan bayan magariba ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, ya ce in zo in ci abin da tsohuwa ta soya, sallarsu ce ta Hanuka, yau dare na biyar. Ina da jarrabawa washegari. Na cusa kayena a aljihun kwat na bi shi, don ba a ƙin kiran dattijo, kuma gaskiya ƙamshin man da ke fitowa daga ɗakinsu tun la'asar ya riga ya karya mini zuciya.

Fitilar tana rataye a bango, kusa da ƙofa. Ta tagulla ce, ta sha hannu har ta yi santsi, ya ce ta kakansa ce. Ƙananan kofuna takwas ne a jere, sahu ɗaya, sai guda na tara can sama shi kaɗai. Ya zuba man zaitun a biyar daga ciki, ya sa lagwanin auduga da tsohuwar ta murza da hannunta. Ya yi addu'o'insa da Ibrananci, ya kunna, suka ɗan rera wani abu su biyu da muryoyin da suka tsufa tare. Daga nan tsohuwar ta zauna ta naɗe hannu a cinya. Matar da tun da na san ta ban taɓa ganin hannunta babu aiki ba.

Ni kuwa, ɗan lakwal, da na ga shiru ya yi yawa sai na jawo kujera kusa da fitilar, na zaro kaye na buɗe. Ko layi biyu ban kai ba na ji an kama mini hannun riga a hankali.

"Ba da wannan ba, ɗana."

Ya tashi ya kunna ƙaramin ƙwan da ke kan kekensa na ɗinki, ya nuna mini can. Ya ce waɗannan biyar ɗin ba a karatu da su, ba a ɗinki da su, ba a neman abin da ya faɗi da su. Malamansu na da, in ji shi, sun hana ko ƙirga kuɗi a gabansu. Kallo kawai ake yi. Shi ya sa ma ake kunna na taran nan, wanda suke kira shamash, wato bara ko mai hidima: idan mutum ya yi kuskure ya amfana da haske, sai a ce hasken baran ne ya taimake shi.

Na mayar da kaye aljihu, na ce masa to. A raina kuwa muryar Inna nake ji. Mu da muka yi firamare da fitilar ƙwai mun san farashin haske. Da na rufe littafi, kafin ma in miƙe, sai in ji ta daga ɗaki: "Kashe hitilar nan, kalanzir ba ruwan rijiya ba ne." A gidanmu wutar da ke ci babu wanda ke aiki da ita laifi ce, kuma akwai mai laifin. Ga shi nan ina zaune gaban wuta biyar, da man zaitun kuma, ba kalanzir ba, an ce haramun ne su yi wa kowa amfani. Kalmar da ta zo mini ita ce almubazzaranci. Ban faɗa ba, amma ita ta zo.

Kwanakin da suka biyo baya na yi ta tambayarsa, shi kuma kamar da ma jiran mai tambaya yake. Abin da ya ba ni, da abin da na bi na karanta daga baya, ga shi a taƙaice.

A shekara ta 167 kafin haihuwar Annabi Isa, sarki Antiyokus na huɗu, na daular Girkawan da ke mulki daga Siriya, ya hana Yahudawa addininsu. Ya hana kaciya, ya hana kiyaye ranar Asabar, ya mayar da Haikalin birnin Ƙudus wurin bautar gumaka. Wani limami mai suna Matatiya, a garin Modi'in, ya yi tawaye shi da ƴaƴansa biyar. Da ya mutu ɗansa Yahuda, wanda ake yi wa laƙabi da Makabi, ya ɗauki jagoranci. A shekara ta 164 suka ƙwato Haikalin, suka tsarkake shi, suka sake buɗe shi ranar 25 ga watansu na Kislef. Ma'anar kalmar Hanuka ke nan, keɓe wuri ko ƙaddamar da shi. Da yake watanninsu na bin wata ne amma ana daidaita su da rana, sallar kullum cikin sanyi take faɗowa, tsakanin ƙarshen Nuwamba da ƙarshen Disamba.

To ina mai ya shigo? Littattafan Makabiyawa, waɗanda suka fi kusa da zamanin, yaƙi suka ba da labari da bikin kwana takwas, ba su ambaci wani tulun mai ba. Sai ɗaruruwan shekaru bayan haka, a cikin Talmud, babban kundin muhawarar malamansu, labarin ya fito: wai da suka shiga Haikalin sun tarar duk man an ƙazantar da shi, sai ɗan tulu guda mai hatimin babban limami, wanda zai isa kwana ɗaya tak. Suka kunna, ya yi kwana takwas yana ci. Na tambayi Baba me ya sa malaman suka bar takobi suka kama tulu. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce in je in duba abin da jikokin mayaƙan suka zama. Na duba. Sun zama sarakuna, ɗayansu ya tilasta wa mutanen Idumiya shiga addininsa, wato abin da aka yi wa kakanninsa shi ya juya ya yi wa wasu. Daga baya wa da ƙane suka yi ta faɗa kan gadon sarauta har suka jawo Rumawa, Janar Pompi ya shiga Ƙudus a shekara ta 63 kafin haihuwar Annabi Isa. Nasarar ta yi amfani, amfanin ya ƙare. Abin da aka ɗauko aka kai cikin gidaje shi ne ɗan harshen wutar nan.

Sauran al'adun ba su ba ni wahala ba, kowace al'umma tana da irinsu. Ana cin abin da aka soya da mai don tuna tulun. A Maroko sfenj ne, wani fanke mai rami a tsakiya, ana tsoma shi a suga ko zuma, kuma na ci har na ji kunya. Yahudawan gabashin Turai dankali suke gogawa su soya kamar waina. Yara suna samun ƴan kuɗi, a wasu ƙasashen kuma suna murza wani abu kamar katantanwarmu, mai fuska huɗu, kowace da harafinta. Yawan fitilun ma an yi gardama a kansa tun da: almajiran Shammai suka ce a fara da takwas ana ragewa kullum, almajiran Hillel suka ce a fara da ɗaya ana ƙarawa, don a al'amarin tsarki hawa ake yi, ba a sauka. Maganar Hillel aka bi. In ka haɗa dare takwas, wuta 36 ke nan, in ka sa da baran 44. Ni da idon Inna na yi wannan lissafi.

Inda abin ya tsaya mini a wuya shi ne hukuncin Musa ɗan Maimun. Wannan babban malaminsu ne kuma likita, an haife shi a Kurɗuba ta Andalus, ya zauna a Fas ta nan Maroko, ya rasu a Masar a 1204. A kundinsa na shari'a ya rubuta cewa ko wanda ba ya ci sai da sadaka, wajibi ne ya nemi rance ko ya sayar da rigarsa ya sayi man wannan fitila. Baba ya faɗa mini haka yana murmushi, kamar abin alfahari. Ni jikina ne ya yi sanyi. Riga, a cikin hunturu, don wutar da ba za ta dafa masa ko shayi ba?

Dalilin da ya sa na ƙi abin tun farko ba boyayye ba ne. Na san irin al'adar da ke cewa "ko talaka sai ya yi". Mun gan ta a kayan ɗaki, mun gan ta a ragon suna da ake ci bashi a saya, mun ga uba ya sayar da gona don kada a ce ƴarsa ta tare da gado ɗaya. Kusan kullum wanda ya kafa dokar ba shi ne zai sayar da rigar ba. Malami yana zaune cikin ɗumi yana rubuta cewa wani ya tuɓe. Wannan zargi ban janye shi gaba ɗaya ba har yanzu, kuma ina ganin duk mai hankali ya kamata ya riƙe shi a aljihu duk lokacin da aka ce masa wani abu mai tsarki yana bukatar kuɗin matalauci.

Sai dai da na ƙara tono, na ga abin bai yi kama da kayan ɗaki ba ta wata fuska. Asalin wajibin wuta ɗaya ce tak ga gida gaba ɗaya, kowane dare, ta ci kamar rabin awa bayan duhu ya shiga. Man da bai wuce cikin cokali ba. Biyar ɗin nan da takwas ɗin nan ƙari ne na mai hali. Baƙon da ya sauka gidan wani ma ba sai ya nemi tasa fitilar ba, yana iya ba mai gida ɗan ƙaramin tsaba ya shiga cikin man. Da na ji wannan na zaro dirhami ɗaya na miƙa wa Baba, ya yi dariya har da tari, ya ce wannan na baƙon da abin ya hau kansa ne, ni sfenj kawai ya hau kaina. Al'adun da ke karya talaka ba su da ƙasa, kullum sama suke kallo, abin da maƙwabci ya yi shi ne ma'auni. Wannan kuwa an sa mata ƙasa, an kuma sa ta inda hannun kowa zai kai.

Akwai kuma abin da na tuna, wanda ya rage mini kaifin baki. Ranar sunan ƙanena wata gwauruwa maƙwabciyarmu, wadda kowa ya san da ƙyar take kai bakinta, ta kawo gudummawar hatsi a ƴar ƙwarya. Inna ta tausaya mata, da yamma ta aike ni in mayar mata da shi da ƙari a kai. Wallahi ban taɓa ganin ɓacin rai irin na matar nan ba. Ta ce in koma in tambayi Inna ko an fitar da ita daga cikin mutane ne. Ina yaro ban gane ba. Yanzu na gane cewa "an ɗauke miki" tana da fuska biyu. Ɗaya tausayi ce, ɗayar kuma tana nufin ba a lissafa da ke. Wataƙila abin da ɗan Maimun ya hango ke nan. Idan aka ce fitilar ta masu hali ce, to labarin ma ya zama na masu hali, su ne aka cece su, su ne jikokin waɗanda suka shiga Haikalin. Almajiri ya tsaya a titi yana kallon tagogin wasu. Da aka wajabta masa, an ce masa ke nan kai ma mai gida ne, ƙofarka ƙofa ce.

Wannan ya amsa mini rabin tambayar, wato me ya sa talaka ma. Bai amsa me ya sa ba za a yi amfani da hasken ba. Ai da an bar shi ya kunna, ya kuma ci tuwonsa a gabanta, da an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Wa zai yi asara?

Na daɗe a kan wannan. Amsar da na samu daga fitilarmu ta ƙwai ta zo. Shekara shida na yi ina karatu a gabanta, amma in ka ce in kwatanta maka harshen wutarta, ba zan iya ba. Ban taɓa kallonta ba. Littafi nake kallo. Sai ran da ta fara hayaƙi ko lagwani ya ƙare nake sanin tana nan, shi ma don in yi mata tsaki. Duk abin da ake amfani da shi haka yake, yana ɓacewa a bayan aikinsa. Wa ke kallon cokali? Su kuwa waɗannan fitilu aikinsu a gan su, don a tuna. Shi ya sa asalin hukuncin a ƙofar gida ake ajiye su ta waje, ko a taga mai kallon titi ga wanda ke kan bene, a lokacin da mutane ba su gama watsewa daga kasuwa ba. Da an yarda a yi ɗinki da su, shekara biyu ta isa su koma fitilar tela, mai wucewa ya ce Baba yana da aikin gaggawa. Hanin shi ke tsare ma'anar. Da zarar ta yi amfani ta daina magana.

Kuma a cikin rabin awar nan na lura da wani abu game da Baba kansa. Mutum ne da duk unguwa ta san shi da amfaninsa. Mai rage wando, mai sa zif. Yanzu ido yana tafiya, masu kawo ɗinki suna raguwa, ƴaƴa suna kiran waya suna cewa ya rufe ya taho. Ya taɓa ce mini, yana neman ramin allura ya kasa, tela marar ido ai kujera ce a ɗaki. Amma in ya zauna gaban fitilun nan fuskarsa takan saki. Ban tambaye shi ba, kuma ba zan sa masa magana a baki ba. Ni dai abin da na gani, tsoho ne da ke zaune gaban wani abu da ake girmamawa alhali ba ya yi wa kowa aikin komai. Mu da muka taso inda ake auna yaro da abin da zai kawo gida, ake auna karatu da aikin da zai bayar, har gaisuwa ma wani lokaci da abin da za ta jawo, ba mu cika samun wurin da za mu koyi irin wannan kallo ba. Wanda bai taɓa koyon kallon abu don kansa ba, ina tsoron ranar da mahaifinsa zai daina amfani.

Kada in yi wa kaina daɗin baki, akwai abin da ke cizona a nan. Baran nan na tara. Shi ke aiki, ana jingina masa duk wani amfani, a gidaje da yawa ma da shi ake kunna sauran, amma ba ya cikin lissafi. In an ce dare na biyar, biyar ake ƙirgawa, shi ko oho. Hasken da ba a aiki da shi yana tsaye ne a kan hasken da ke aiki. Tsohuwar da ta naɗe hannu rabin awa, tun azahar take tsaye gaban tukunyar mai. Ni da nake wannan dogon tunani a kan kyawun abin da ba shi da amfani, da kuɗin burs nake yinsa, da kuma kalanzir ɗin da Inna ta yi ta tsimi. Kowane zaman kallo akwai wanda ya biya shi. Abin da kawai zan ce, al'adar ba ta makance da wannan gaba ɗaya ba. Baran an ɗaga shi sama da sauran. Hutun rabin awar kuma mata ne aka san su da shi, malaman sun ce su ma abin al'ajabin ya shafe su, don haka fitilar ta hau kansu kamar yadda ta hau kan maza. Ko rabin awa ta biya wunin suya? Ni ban ga alama ba. Amma na san gidaje da yawa da ko rabin awar babu.

Na tambaye shi me ya sa tasa take ciki, ba a taga ba. Ya ce haka ya tarar ana yi a gidansu, maƙwabtansa kuma ba su taɓa ɗaga masa gira ba. Amma ya ce tun a Talmud an yi sassauci, lokacin haɗari mutum ya ajiye ta kan teburinsa ya wadatar. Akwai wani hoto da aka ɗauka a birnin Kiel na Jamus a 1931, matar limamin Yahudawan garin ce ta ɗauka: fitilar Hanuka a kan taga, a tsallaken titi kuma tutar ƴan Nazi tana rataye. Iyalin sun bar ƙasar ba da daɗewa ba, da fitilarsu. Hoton yana burge mutane, ni ma ya burge ni. Sai dai hankalina ya fi komawa ga waɗanda ba a ɗauki hotonsu ba, waɗanda suka ja labule suka kunna a kan tebur, shari'arsu kuma ba ta kira su matsorata ba. Dokar da ta ce a sayar da riga ba ta ce a sayar da rai ba.

A nan ne na ci karo da hukunci na biyu na ɗan Maimun, wanda ya rufe babin da shi, kuma shi ya fi tsaya mini a rai. Yahudawa ba sa kunna wuta daga faɗuwar ranar Juma'a har Asabar ta fita, don haka kafin rana ta faɗi ake kunna fitilar da iyali za su ci abinci a gabanta. To idan Juma'ar Hanuka ta zo, mutum kuma man fitila ɗaya kawai yake da shi, wacce zai kunna? Na ɗauka mai cewa a sayar da riga zai ce ta Hanuka. Sai ya ce ta gida. Dalilinsa zaman lafiyar gida. Cikin duhu ake tuntuɓe, ake zubar da miya, ake faɗa wa juna maganar da ba a so.

Na yi ta juya hukuncin nan biyu, ina neman inda suka saɓa, sai na ga ba su saɓa ba. Rigar taka ce, kai za ka ji sanyin. Duhun kuwa na kowa da ke ɗakin ne, har da jaririn da bai san wane ne Antiyokus ba. Mutum yana da iko ya tauye kansa don abin da yake girmamawa. Ba shi da iko ya tauye matarsa da ƴaƴansa, ya kira abin ibada. In har na fahimce shi daidai, to wannan ma'auni ne da zan iya ɗauka in auna al'adu da yawa da shi, nasu da namu: wa ke biya, shi da ya zaɓa ko wanda ba a tambaya ba? Uban da ya sayar da gona don kayan ɗaki ba rigarsa ya sayar ba, abincin ƙannen amarya ya sayar.

Duk da haka ma'aunin yana da inda yake yoyo, kuma gara in nuna da kaina kafin wani ya nuna mini. Magidancin da ya sayar da rigarsa cikin hunturu ya kwanta ciwo, wa zai yi jinyarsa? Ashe rigar ma ba tasa ce shi kaɗai ba. A gidan talaka babu abin da yake na mutum ɗaya. Nan kam ban da amsa mai gamsarwa, sai dai in ce man cokali ɗaya ba ya cin riga sai a inda jama'a suka bar mutum shi kaɗai, kuma laifin wannan ba na fitila ba ne.

Dare na takwas na koma, wannan karon ba kaye a aljihu. Duk kofunan suna ci, bangon tagullar yana mayar da hasken, ɗakin ya yi ja. Muka zauna mu uku ba mai cewa komai. Tun ina jin zaman yana yi mini tsawo har na daina ji. Na lura wutar ba tare take mutuwa ba, ta gefen ƙofa ta riga, don iska na shigowa ta ƙarƙashi. Na yunƙura zan gyara, Baba ya girgiza kai. Ya ce in an zuba man da ya isa aka kunna, an sauke nauyi, ko ta mutu ba dole a sake ba.

Washegari na tarar da shi a baranda da wani tsohon gwangwani. Ya tattara lagwanin kwana takwas, ya tsiyaye ɗan man da ya rage a kofunan a kai. Na ce, "Baba, wannan ai zai soya ƙwai biyu." Ya ce man da aka keɓe wa fitila ba ya komawa kicin. Ya ƙyasta ashana. Muka tsaya har ya cinye.

Da na dawo hutu na ba Inna labarin duka, tana tsintar shinkafa a faifai. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse ni ba. Da na zo kan hukuncin fitilar gida ta ɗaga kai ta ce, "To, wannan malamin ya san aure." Ta ci gaba da tsinta. Can kuma ta sake ɗagowa.

"Man zaitun ka ce? Nawa suke sayen litar a can?"